Kwanon Rufinka Yana Kan Asibiti, Malam

Zuwa ga maigidana, Malam, mahauci a mayankar Agege, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da ladabi irin wanda ban cika yi maka ba kana da rai, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, Ya yalwata maka makwanci. Mu nan lafiya muke, sai abin da ba a rasa ba. 'Ya'ya da jikoki suna nan ƙalau. Damina ta kankama, lambatun ƙofar gida yana cika yana tumbatsa kamar yadda ka bar shi.

Na san za ka ce yaushe Kande mai tumatir ta zama marubuciya. To, ajin yaƙi da jahilcin da ka riƙa yi mini dariya a kansa ne ya yi rana. Zan ma sa wasiƙar a waya, masu leƙe su leƙa, ban damu ba. Tsohuwa ba ta da sauran abin ɓoyewa sai goronta.

Ga abin da ya kawo ni. Ka sa na ɗaukar maka alkawari cewa in ka riga ni tafiya, zan rufe gidan da ka fara ginawa a ƙauyenmu, in koma in zauna a ciki. Shekara uku ke nan. Yaron nan na fari, wanda har yau bakina bai iya faɗin sunansa ba, ya zaunar da ni ya ce in ba shi amsa kafin Babbar Sallah: in tafiya ce a nemi mota, in zama ne a sabunta haya. Na ce ba zan ba shi amsa ba sai na fara gaya wa ubansa. Sannan akwai wata ɓarna da na yi maka da kwanon rufinka. Ka yi haƙuri in biyo ta doguwar hanya, ka san ni ba na shiga labari ta ƙofar gaba.

Ka tuna ranar da ka dawo daga mayanka da la'asar, rediyo a hammata, da ƙullin hanta da ƙoda a hannu, alhali ba Juma'a ba ce, ba kuma suna ake yi ba? Yau kusan shekara ashirin. Tun daga zaure kake kirana. Ka ce, “Kande, ɗora tukunya, an yafe mana bashi!” Na ce wane bashi, na mai gawayi ko na mai gidan haya? Ka ce na ƙasa, Turawa sun yafe wa Najeriya. Na ce ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa cin ko sisin Bature ba. Ka ce, “An ci da sunanki, kina barci.” Na ce to wanda ya ci da sunana ai da ya sammini romo.

Ka zauna kan turmi ka yi mini karatu. Ka ce kuɗin da ƙasa take kwasa duk shekara tana kai wa masu bin ta, yanzu za su tsaya a gida, a yi asibiti, a yi makaranta, a haƙa rijiya. Ka ce da ƙasashen talakawa da yawa aka yi wa, har da Nijar. Mamman Maraɗi, mai gadin layinmu, ya leƙo don ya ji ƙamshi, ya ce su ma an yafe musu, za a gina musu lakwal, wato makaranta, a ƙauye. Kuka yi ta musabaha kamar ku ne kuka sa hannu a takardar. A ranar ka fara maganar komawa gida. Ka ce abin da ya koro mu Ikko rashin ruwa ne da rashin magani, in an samu waɗannan me ya rage mana a garin motocin danfo?

Ban yi maka musu ba, hanta tana bakina. Amma ni na riga ƙasa sanin ɗanɗanon yafiyar bashi, kuma akwai rabin labarin da ban taɓa gaya maka ba.

Ka san yadda muke yi a kasuwar Mile 12. Da safe tirela ta sauke, dillali ya ba ki kwando a rufe, ba kya ganin komai sai jajayen da aka jera a sama. Ki ɗauka bashi, ɗan dako ya kai miki bakin titi, ki zo Agege ki kasa, in kin sayar ki kai kuɗi ki ɗauki wani. Amana ce kawai, babu takarda. A wata damina motoci suka maƙale a hanya kwana da kwanaki, ni kuma na yi kwaɗayi na ɗauki kwanduna fiye da ƙarfina wurin Alhaji Ɗanladi dillali. Ina buɗewa na tarar da miya ta gama haɗa kanta a ƙasa, wuta kawai take jira. Na yi wata biyu ina kewaye rumfarsa ta bayan masu albasa.

Ranar da ya kama ni, bai yi faɗa ba. Ya ce, “Hajiya Kande, mai gudu ba ya biya. Na yafe miki rabi. Rabin kuwa yau nake so, kuma daga yau ba ki da dillali sai ni.” Na sayar da 'yan kunnena na gado na biya shi. Daga baya da na ji a rediyonka cewa ita ma ƙasa sai da ta tattara maƙudan kuɗi ta biya saura a dunƙule kafin a yafe, kuma aka gindaya mata sharuɗɗa, sai na ce ashe Turawa ma wurin Alhaji Ɗanladi suka yi karatu.

Amma fa na numfasa, wannan gaskiya ce. Ribar da da take tafiya biyan tsohon bashi ta fara kwana a lalitata. Na sayi injin markaɗe, ka sani, har ka yi ta yabona wurin abokanka. Abin da ba ka sani ba, kuɗin sun isa inji da ajiyar gyara. Ni kuwa na ɗauki na ajiyar na sayi atamfa turmi uku da ankon bikin 'yar Iya Basira maƙwabciyarmu. Da ka tambaya na ce maka kyauta ce daga ƙauye. Wa zai aiko mini da atamfa daga ƙauyen da ko gishiri sai ranar kasuwa? Kai ma dai, Malam, akwai saurin yarda.

Injin nan ya yi aiki. Shi ya biya wa 'yan matanmu biyu kuɗin makaranta har suka gama. Ranar da ya tsaya kuwa, ba ni da ko na sayen bel ɗin da ke juya shi. Ya yi wata huɗu a lulluɓe da buhu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa, ni kuma na koma gaban Alhaji Ɗanladi ina murza gefen mayafi. Ya ba ni bashin, da murmushinsa, don ya san ba ni da wurin zuwa.

Yanzu bari in ba ka haƙƙinka, don masu karatu kada su ɗauka mijina wawa ne. Abin da ka faɗa ya zo. Bayan 'yan shekaru muka je gida, muka tarar da asibiti mai ɗaki huɗu a bakin gari, da fenti kore da fari, da famfon burtsatse a gefensa. Ga allo an kafa da Turanci, ka sa wani malamin makaranta ya karanta maka har sau biyu: da kuɗin da aka samu daga yafe bashi aka yi wannan aiki. Ka juyo ka dube ni, ka gyara hula kawai. Wannan gyaran hular ya fi zagi ciwo.

Aka kawo ma'aikaciyar jinya, Malama Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, siririya mai faɗan tsiya. A hannunta Talatu, matar ƙanenka Ilu, ta haifi tagwaye, jini ya ɓalle mata, aka tsayar da shi. Ni na san abin da wannan yake nufi. Yayata Hassu a kan amalanke ta cika, a hanyar zuwa asibitin birni, da ɗa a cikinta. Tagwayen Talatu kuwa ga su nan sun zama 'yan mata, har sun fi ni tsawo, suna ce mini tsohuwar Legas mai warin tattasai. Duk wanda ya ce yafiyar nan ba ta tsinana komai ba, ya je ya dubi yaran nan biyu, ya kuma tambayi matan garin yaushe rabon su da tafiya rafi da tulu kafin rana ta fito.

Daga nan ba ka sake zama lafiya ba. Duk abin da ka samu a fata da ƙashi, sai bulo. Gini ya kai linta. Ka shiga sayen kwanon rufi bandir-bandir kana tarawa a ɗakin ajiyar Ilu. Kana cewa, “Kande, a inuwar gidanmu za mu tsufa, asibiti na kallon mu.” Ciwo ya riga kafinta zuwa. Kana kwance, ka kama bakin zanena ka ce in yi maka alkawari. Na yi. Wa zai ce a'a a irin wannan wuri?

To, watan jiya na je in ga abin da ya rage, in kira kafinta. Ka san yanzu ina da baƙi biyu a jiki, hawan jini da suga, kullum sai na ba su ƙwaya safe da yamma, in ba haka ba su tayar mini da hankali. Don haka kafin in je gidanka na fara biyawa asibitin da zai riƙa kallona.

Malam, allon yana nan, rubutun ya koɗe. Famfo yana aiki, don matan gari suna karo-karo su gyara shi. Amma iskar farkon damina ta yaye rufin ɗakin haihuwa da na kwanciya, sama kake gani tarwai. An ja gadajen an cusa a baranda. Kabad ɗin magani babu komai sai auduga da katin awo. Malama Rifkatu tana nan, ta yi furfura, faɗan bai ragu ba. Ta ɗaura mini abin awon jini, ta duba, ta ce, “Mama, wannan jinin naki ba na ƙauye ba ne. In ya tashi a nan, ba ni da abin ba ki sai sannu.” Maganina sai an yi tafiyar rabin yini zuwa birni, in hanya ta yarda. Ta ce ta kai takardar rufin ofis har ta gaji, kullum amsa ɗaya, babu kuɗi. Albashinta ma sai ya ga dama yake zuwa.

Babu kuɗi. Ni kuma rediyon da ka bari tana gaya mini ƙasa ta sake cin wani bashin har wuya, wai abin da ake tarawa da yawansa wurin biyan kuɗin ruwa yake tafiya. An sake ci da sunana, kuma wannan karon idona biyu. Mamman Maraɗi ya ce su ma lakwal ɗin tana nan, yara sun cika ta maƙil, malami ɗaya ne, allo ya tsage. Na tsaya a ɗakin haihuwar nan ina kallon gajimare, sai na ga injina a lulluɓe da buhu. An sayi inji, ba a ajiye na bel ba. Wa ya sayi atamfa da kuɗin, ban sani ba, ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Na dai san yadda abin yake faruwa, don na yi.

Ina tsaye aka shigo da wata yarinya mai ciki wata tara, awo ta zo. Ta ɗaga kai ta dubi inda rufi ya kamata ya kasance, ta dubi Malama Rifkatu, ta yi 'yar dariya ta ce Allah dai Ya sa ranar ba a ruwa. Dariyar nan ce ta kai ni ɗakin ajiyar Ilu.

Na ce ya buɗe. Ga kwanonka a jere, ko tsatsa babu, ka sa an ɗora shi kan katako yadda ƙasa ba za ta taɓa shi ba. Na ce a kira kafinta a kai asibiti. Ilu ya riƙe baki. Ya ce, “Yaya Kande, wannan fa kayan gado ne, ba a raba ba. Kuma aikin gwamnati ne, ba naki ba.” Na ce gaskiyarka, a cire daga tumunina na takaba, in bai isa ba a biyo ni bashi, na saba. Gwamnati kuwa in ta zo ta tarar da rufi, ba na jin za ta yi fushi ta yaye. Ya ce a bari a yi wa yara waya tukuna. Na ce wayata babu caji. Da caji, Malam, cike take. Sai da na ji guduma ta fara sauka na kira ɗanka, na ɗaga wayar sama don ya ji da kunnensa. Ya ce, “Inna, ke dai ba kya tsufa.” Ƙannensa mata suka ce sun bar nasu kason, ladan ya je maka.

Kwana biyu aka gama. Kwanon ya rufe ɗakuna biyun, har aka samu ragowar da aka yi wa masu jiran awo rumfa. Ban yaudari kaina ba, rufi ba ya zama allura, kuma kabad ɗin nan yana nan wayam. Ruwa dai ba zai sauka a kan mai naƙuda ba bana. Gidanka kuwa yana tsaye ba hula. Ilu ya shuka kuɓewa a falon, ta yi kyau ƙwarai, na ci miyarta.

Tun da na dawo nake juya maganar nan. Ranar da aka yi maka sutura, ina cikin ɗaki na ji liman a waje yana tambaya, kamar yadda ake yi, ko akwai mai bin ka bashi ya faɗa, ko ya yafe. Na ji muryar wani Bayarabe abokin cinikinka na fata, da Hausarsa mai karkata, ya ce yana bin ka, amma ya yafe duniya da lahira. Aka yi ta sa masa albarka. Naka ya ƙare a nan, don ba za ka sake neman na cefane ba. Ƙasa kuwa da rai take, kamar ni. An yafe mata yau, gobe da safe sai ta koma kasuwa, ta tarar da dillalin nan dai, da kwandon nan a rufe, farashi kuma ba ita ke yanka shi ba. Ban ce kada a yafe ba. A yafe, a ƙara yafewa, na ga tagwayen Talatu. Amma da za a tambayi tsohuwa mai kasa tumatir, da na ce ranar yafiya a zaunar da mai cin bashi da mai bin bashi duka biyu, a tambaye su wa zai sayi bel, kuma a bar matan gari su riƙa leƙa lalitar. Iyakar karatuna ke nan, na yaƙi da jahilci ne.

Saura amsar ɗanka. Malam, ba zan koma ba. Na auna, na sake aunawa. In na tattara na tafi, ko da an sake sayen wani kwanon, wata uku ba zan yi ba jinin nan zai kayar da ni, a ɗora ni a mota ana neman birni, a wahalar da Ilu da Talatu. Nan kuwa mai kemis yana bakin layi, ya san ƙwayoyina da ka, asibiti kuɗin okada ne. Garin da ka so mu tsufa a cikinsa ya kusa zuwa, har mun hango shi, sai ya tsaya a hanya. Ba laifinka ba ne da ka yarda da shi. Ni ma na so shi, ban dai faɗa ba ne don kada ka gyara hula.

Alkawari kaya ne, na ɗauka shekara uku, wuyana ya gaji. Ina roƙon ka sauke mini. Ba ni da 'yan kunnen da zan sayar in biya rabi, kuma na san kai ba za ka gindaya mini sharaɗi ba, ba halinka ba ne. Sau nawa na ɓata maka, kafin in gama haɗa ƙaryar da zan kare kaina ka riga ka ce ya wuce.

Kuma in gaya maka wata gaskiyar da ta fi ta jini. Kai ma ai ba ka koma ba. A nan ƙasar Agege aka sa ka. Duk ranar da zan je Mile 12, danfo yana bi ta jikin katangar maƙabarta, nakan matsa kusa da taga in yi maka sallama a hankali, kwandasta yana ihun kuɗinsa. In na tafi ƙauye, wa zan yi wa? Ka bar ni a nan kusa. In lokaci ya yi, tafiyar ba ta da nisa, ko mota ba sai an nema ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka abin da ke tsakaninka da Shi, Ya kai maka ladan kowane ɗigon ruwa da kwanon nan ya tare. Allah Ya sauki yarinyar nan lafiya, Ya ƙara wa Malama Rifkatu ƙarfi da haƙuri. Allah Ya ba ƙasashenmu shugabanni masu tsoron cin bashi da sunan waɗanda ba a haifa ba tukuna. Mu kuma Ya sa mu cika da kyau da imani, Ya haɗa mu a inda babu haya, babu ciwo. Amin.

Gobe in Allah Ya kai mu zan gaya wa yaron nan ya je ya ga mai gida a sabunta haya.

Ni ce matarka mai kunnen ƙashi,
Kande mai tumatir, Agege.